Na'ura ta ce ba na kallon ido

Wannan saƙon daga wani ɗan'uwa ne a Daura. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun sakaya.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, lokaci ya ƙure mini. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba, rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi ina da gemuna, in kun ga kuskure ku tsallake. Wanda zai ce mini in yi haƙuri ya riƙe abinsa, haƙuri ina da shi har na sayarwa. Shawara nake nema.

Ni direba ne. Na ja motar haya tsakanin Daura da Kongolam, na ja ta shanu, daga baya Allah ya haɗa ni da wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, irin masu farar motar nan da doguwar eriya, masu kai magani da abincin yara masu tamowa ƙauyuka. Shekaru sun haura goma ina tuƙa musu. Babu lungun Baure da Zango da Mai'Adua da tayata ba ta taka ba. In manyansu sun zo daga waje ni nake kai su Kusugu su ja ruwa su ɗauki hoto, wani har ya dafa kafaɗata a ɗauke mu tare. Ko akuya ban taɓa bugewa ba. Wannan ma na faɗa ne don ba ku san sunana ba.

Abin da ya riƙe ni a aikin nan ba albashi ba ne, katin asibiti ne. 'Yata ta fari sikila gare ta. In ciwon ya tashi katin nan nake miƙawa, a ba ta gado, a ɗaura mata ruwa, in ta kama a ƙara mata jini. Ranar da aikin ya tafi katin ya tafi. Ku riƙe wannan a ranku, shi ne gindin maganar.

Wadda ta ɗauke ni aiki zan kira ta Hajiya. Ita ce mai kula da ma'aikata, ofishin da suke ce wa HR. Ranar da ta gwada ni ba ta yi mini dogon Turanci ba, ta shiga mota ta ce in kai ta Zango in dawo da ita, a hanya ta tambaye ni ɗan gidan wa ne ni, wa zai tsaya mini. Da muka dawo ta ce Baba, gobe ka zo da lasisinka. Shi ke nan. Tun daga ranar Baba take ce mini ko da a gaban Turawa ne.

Shekarun baya aka are mu zuwa can yammacin jiha, gefen daji, aikin 'yan kwanaki. A motata akwai Hajiya da nas biyu mata, da wani ma'aikacin lafiya ɗan garin Babban Mutum, zan kira shi Sale, ba sunansa ke nan ba. Abokina ne, kwano ɗaya muke ci a hanya. Muna dawowa da la'asar 'yan bindiga suka buɗe mana wuta. Harsashi ɗaya ya shiga damtsena na hagu, ɗaya ya sami Sale a ciki. Ban tsaya ba. Taya ta fashe, na ci gaba da tafiya a kan ƙarfe har muka kai inda sojoji suke. Matan sun tsira. Sale ya cika a kujerar da ke kusa da ni. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, shi ne wanda kowa ya sani. Abin da ya faɗa a hanyar da halin da ya shiga, wannan ba na bakina ba ne.

Ni na raka gawarsa Babban Mutum da hannuna a ɗaure. Da aka dawo daga maƙabarta mahaifinsa ya ja ni gefe, dattijo ne manomi, ya yi mini tambaya ɗaya tak, ya sami shahada? Na ce ya samu. Ya ce to wannan ta ishe mu, sauran ka binne tare da shi, kada ɗana ya zama hirar teburin mai shayi. Na ce na yi alkawari. Tun daga ranar ko maiɗakina ban ba labarin ba. Ƙungiya ta tara mu aka yi shiru na minti ɗaya, aka ba ni wata takardar yabo da Turanci, tana nan a ƙasan akwati tare da kayan sallar yara.

To bana sai aka tara mu aka ce kuɗin masu ba da tallafi ya ragu, kwantiragin kowa ya ƙare, duk mai son ci gaba sai ya sake nema kamar sabon zuwa. Direbobi za a rage mu, mafi yawa su tafi. Aka ce kuma wannan karon ba mutum ne zai yi intabiyu ba, na'ura ce, wai ita AI. Wani ya yi mana bayani ta allon bango daga can hedikwata, aka fassara mana, ya ce an yi haka ne don adalci, na'ura ba ta da ƙani ba ta da ɗan garinsu, kowa daidai yake a wurinta, abin da ka yi a baya ma ba za ta duba ba don kada a fifita tsoho a kan sabo. Ban ce a da babu son kai ba. Akwai. Na ga an ɗauki ƙanin wani babba wanda ko ribas bai iya ba. Gaskiya ne na'ura ba ta da ƙani. Amma ba ta da uban da ya yi mata tarbiyya ma.

Ranar intabiyu na sa kaftanina na Juma'a. Aka shigar da ni ɗakin taro ni kaɗai, aka sa mini abin ji a kunne, aka buɗe kwamfuta aka fita. Sai ga fuskar yarinya a allo, kai ba ɗankwali, tana murmushin da ba ya ƙarewa, sa'ar 'yata. Tana Hausa, amma irin Hausar da ba ta da gari. Na san ba mutum ba ce, an gaya mini. Amma ni dai da girmana ba zan zauna in ƙura wa 'yar mutane ido ba, kuma ko namiji ne, wanda ke da iko da abincinka ba ka zuba masa ido, haka aka rene mu. Na sunkuyar da kai na kalli teburi, na amsa abin da aka tambaye ni.

Ta ce me ya sa na fi sauran masu nema cancanta. Na ce ban fi kowa ba, kowa da iyawarsa. Ta ce na gode, amsa mai kyau. Ta ce ina nake ganin kaina nan da shekara biyar. Na ce wannan sanin Allah ne, ko gobe ban san ina da rai ba. Ta ce na gode, amsa mai kyau. Ta ce mene ne babban raunina. Na ce ba a gaya wa baƙo wannan. Ta ce na gode, amsa mai kyau. Sai ta ce in ba ta labarin wani lokaci da na shiga haɗari a bakin aiki, da abin da ni kaina na yi. Na ce an taɓa shiga, Allah ya kiyaye wasu ya karɓi wani. Ta ce ko zan ƙara bayani. Na ce a'a. Ta ce na gode, amsa mai kyau. Na fito ina cewa a raina ashe abin ma da sauƙi. Ba a ce in taɓa sitiyari ba, ba a ce in canza taya ba, ba a tambaye ni wace hanya ke yankewa da damina ba.

Sakamako ya fito, ina can ƙasa. Hajiya ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa ta karanta mini abin da na'urar ta rubuta a kaina, tana karantawa tana fassarawa. Wai ba na kallon ido, alamar rashin yarda da kai ko ɓoye wani abu. Wai amsoshina gajeru ne. Wai ba na ba da misali. Wai ba ni da buri, ba ni da fara'a, kuma babu shaidar cewa zan iya natsuwa a lokacin haɗari. Da ta zo wannan na ƙarshen ta kasa ƙarasawa. Ita ce fa ke kwance a bayan kujerata ranar nan tana salati. Na ce Hajiya, ashe munafuka ce, tana ce mini amsa mai kyau tana rubuta wannan? Ta ce Baba, haka take ce wa kowa.

Wanda ya zo na ɗaya a cikinmu wani ne da bai daɗe da zuwa ba, ya taɓa jefa mana mota a rami a hanyar Sandamu yana danna waya. Amma kullum yana gaban kyamara yana zuba a intanet, ya san inda ake kallo, ya san lokacin da ake dariya. Ba na jin haushinsa, har gida ya zo ya ba ni haƙuri yana sosa ƙeya. Ba shi ya ƙera na'urar ba.

Na ce wa Hajiya ke da kika san ni, ba za ki rubuta musu ba? Ta ce an karɓe wannan daga hannunta, yanzu aikinta ta buɗe kwamfuta ta rufe ƙofa. Ta ce ita ma ofishinta ƙarshen shekara za a rufe shi, wai ofis ɗaya a wata ƙasa zai riƙa kula da ma'aikatan ƙasashe da yawa, na'ura na taya su. Abu ɗaya aka bar mata, tana da damar roƙa wa mutum ɗaya a sake masa intabiyu. Maigadinmu ya faɗi, mai sharar ofis ta faɗi, mai sharar kuwa bazawara ce da marayu. Hajiya ta tsallake su ta sa sunana. Ban roƙe ta ba. Da ta tambaye ni da ban yarda ba, amma ta riga ta tura. Yanzu in na haɗu da mai sharar nan a bakin get sai in canza hanya.

Hajiya ta ce Baba, na ga yadda na'urar take ba da maki, ka saurare ni. Ka kalli ɗan ramin kyamarar nan kada ka ɗauke ido. Ka yi murmushi. Ka daina cewa Allah ya yi, aka yi, muka yi, ka ce ni na yi. Kuma ka ba ta labarin ranar nan tun daga farko har ƙarshe, me ka gani, me ka ji a ranka, me ka koya. Na ce ba ni da wani labarin ne? Na cire mota daga laka, na tsallake ruwa da maganin rigakafi a baya. Ta ce kowane direba ya faɗi irin wannan, gurbi ɗaya ya rage, labarin da ya fi na kowa shi zai ci. Na ce to in faɗa ban da Sale. Ta ce tana tono, in ka ce an harbi wani za ta ce sai me ya faru, me ka ce masa, me ya ce maka, in ka yi shiru ta sake rubuta kana ɓoye wani abu. Na ce in na faɗa ina maganar take zuwa? Ta ce ana naɗa, a fassara, a ajiye can waje. Na ce wa zai gani, har zuwa yaushe? Ta ce wallahi Baba ban sani ba.

Wani mai shagon kwamfuta a bakin kasuwa ya ce in kawo masa tambayoyin, akwai wata na'urar da za ta rubuta mini amsoshi masu daɗi in haddace, wai haka kowa yake yi yanzu. Wato na'ura ta rubuta, na'ura ta saurara, ni in zama bututu a tsakiya. Ya gwada mini ɗaya, ta rubuta cewa tun ina yaro burina in yi wa bil'adama hidima. Tun ina yaro burina in ƙoshi. Na ce masa ya bar shi.

Mun gwada da Hajiya a ofishinta, ta riƙe waya tana ɗauka. Na ɗaga ido na kalli ramin. Na buɗe haƙora. Na ce ni ne na, sai na tsaya. Ta ce sake. Na sake, na kai inda taya ta fashe ina murmushi kamar mai tallan man goge baki. Hajiya ta ajiye wayar ta fita, na ji ta a banɗaki tana kuka. Na tashi na je na wanke mota.

A gida kuma wuta ce. Maiɗakina ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan wannan. Ta ce kunya ba ta ƙarin jini. Ta ce Sale ya riga ya tafi, Allah ya jiƙansa, amma 'yarka tana numfashi, kuma sanyi na zuwa, ka san yadda ƙasusuwanta suke yi. Ta ce ba ƙarya aka ce ka yi ba, abin da ka yi ne, kai ka yi shi, jininka ne ya zuba a kujerar nan, don me kowa zai ci abinci da bakinsa kai ka rufe naka? Na ce mata na yi alkawari. Ta ce ita ma na yi mata alkawari ranar da aka ɗaura aure, ko wancan ya fi nauyi don mai shi namiji ne? Yarinyar tana ɗaki tana jin mu. Da safe ta kawo mini koko ta ce Baba, in don ni ce kada ka yi abin da ba ka so. Wannan ya fi duk maganar uwarta ciwo.

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau motar haya na tafi Babban Mutum. Na ce tunda shi na yi wa alkawari, shi zan tambaya. Dattijon ya makance yanzu, na same shi a zaure a kan buzu, da muryata ya gane ni, ya ce direban Sale ne? Aka kawo fura. Na daɗe ina kewaye-kewaye, ni da ba na kewaye, sannan na gaya masa komai, har da katin asibitin. Ya saurara bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Ita wannan mai tambayar, 'yar wane gari ce?"

Na ce, "Baba, ba mutum ba ce, na'ura ce."

Ya ce, "To in ka gama ba ta labarin, za ta ce Allah ya jiƙansa?"

Na ce, "A'a. Na gode take cewa, amsa mai kyau."

Sannan ya ce, "Ban hana ka ba, ban kuma sa ka ba. 'Yarka jikata ce. Amma in ka faɗa, kada ka zo ka gaya mini ka faɗa."

Da zan tafi ya sa aka ɗauro mini ƙwan zabi a ƙwarya, ya ce a kai wa yarinya, yana ƙara jini. Na riƙe ƙwaryar nan a cinyata har Daura. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ceton rai yana gaba, kuma faɗin gaskiya don neman halal ba alfahari ba ne. Na yarda da shi. Amma shi ba ya cikin motar. Bai san abin da ake so in faɗa ina murmushi ba. Kuma ba wanda ya ba ni tabbacin cewa in na faɗa zan ci. Tana iya karɓar labarin Sale ta ajiye, ta ce na gode, ta sake rubuta cewa idona ya kauce. Ka sayar da gawar abokinka kuma a ce ba ta yi kuɗi ba.

In na ƙi zuwa, na zubar da damar da Hajiya ta hana bazawara ta ba ni. In na je na sunkuyar da kai kamar da, na san sakamakon tun yanzu. Tasha tana nan, zan iya komawa layin Kongolam, ba yau na fara cin wuya ba, ni ban damu da kaina ba. Amma motar haya ba ta ba da katin asibiti.

Abin da ya fi ci mini rai, shekara da shekaru ana ce mana a taro ku ne idonmu a ƙauye, ku kuka san mutanenku, mu al'adarku muke girmamawa. Yau abin da ubana ya dake ni a kansa har na koya, kada ka kalli babba a ido, kada ka yabi kanka, kada ka tona asirin mamaci, shi ne aka jera aka ce laifina ne. Kuma babu wanda zan je in kama rigarsa. Hajiya ta ce ba ita ba ce. Na hedikwata sun ce ba su ba ne, na'ura ce. Na'urar kuwa in ka rufe kwamfuta ta tafi.

Litinin da safe za a sake shigar da ni ɗakin. Kaftanin yana nan a goge. Ƙwan zabin ma yarinyar ta fara ci.

Don Allah jama'a, musamman waɗanda suka san aikin ƙungiyoyin nan da waɗanda suka taɓa zama gaban wannan abar, ku gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce. Akwai hanyar da mutum zai ce a haɗa shi da ɗan Adam ya yi masa tambaya, ko an rufe wannan ƙofar gaba ɗaya? In babu, in ɗaga ido in kalle ta in faɗa? In na faɗa, na san ba zan ƙara taka zauren nan na Babban Mutum ba, don makaho ne amma zai ji a muryata. In kuma ban faɗa ba, ranar da ciwon ya tashi na kai ta asibiti aka ce ina kati, ku gaya mini inda zan kalla. Wannan karon teburi ba zai ɓoye ni ba.